Ypres ko Verdun: Wane Fagen Daga Za Ka Ba Kwanakinka?

Duk wanda ya samu kansa a yammacin Turai da 'yan kwanaki a hannu, kuma yana son ya taka inda aka gwabza Yaƙin Duniya na Ɗaya, sunaye biyu ne za su riƙa dawo masa: Ypres a Beljiyam da Verdun a Faransa. Dukkansu tsofaffin garuruwa ne ƙanana, dukkansu igwa ta yi musu kaca-kaca tsakanin 1914 da 1918, kuma kowannensu yana zagaye da maƙabartun soja, gidajen tarihi da tsofaffin ramukan yaƙi. A taswira sai ka ga kamar ba nisa, amma tafiyar mota ce ta kusan awa huɗu, ta jirgin ƙasa kuwa ta fi haka saboda canje-canje. Wanda ya ce zai haɗa su cikin kwana uku, titi zai fi gani. Dole a zaɓi ɗaya.

Ra'ayina tun daga farko shi ne: in wannan ce ziyararka ta fari kuma ba ka da mota, tafi Ypres. In kana da mota, kana iya tafiyar ƙafa a daji, kuma abin da kake nema shi ne ka ga ɓarnar da yaƙi ya yi wa ƙasa kanta, Verdun ta fi. Ga dalilai.

Faɗan da aka yi a wuraren biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan ne ya raba abin da za ka tarar yau. A Ypres layin daga ya yi lanƙwasa ya rungumi garin ta gabas. Jamusawa na kan 'yan tuddai suna hangen komai, sojojin Birtaniya da na ƙasashen da take mulka suna ƙasa ana yi musu ruwan wuta. Haka aka zauna shekara huɗu. A nan aka fara sakin iskar gas mai guba da yawa, ranar 22 ga Afrilu 1915, kuma cikin waɗanda ta fara shaƙewa akwai sojojin Aljeriya da ke yi wa Faransa yaƙi. A nan kuma aka yi gumurzun Passchendaele daga 31 ga Yuli zuwa 10 ga Nuwamba 1917, inda taɓo ya haɗiye mutane da alfadarai. Verdun kuwa faɗa guda ne ya yi mata suna, tsakanin Faransa da Jamus, daga 21 ga Fabrairu zuwa 18 ga Disamba 1916. Kwana ɗari uku ana luguden igwa a kan 'yan tsaunukan da ke gefen kogin Meuse, aka rasa rayuka wajen 300,000 a ɓangarorin biyu, aka tashi layin daga bai matsa wani abin kirki ba.

Bayan yaƙi mutanen Ypres sun dawo gida. Winston Churchill, ɗan siyasar Birtaniya, ya so a bar garin a matsayin kufai don tunawa, su kuwa suka ce gidajensu suke so. Suka sake gina shi kamar yadda yake a da, manoma suka cike ramuka suka koma noma. A Verdun gwamnatin Faransa ta duba filin dagar ta ga ba ya nomuwa kuma ba ya zaunuwa saboda gawarwaki da harsasan da ba su fashe ba, sai ta sa shi cikin yankin da ta hana zama, aka dasa itatuwa a kai. Shi ya sa a Ypres yaƙin yana rubuce a jikin duwatsu cikin gonaki masu kore, a Verdun kuwa yana nan a jikin ƙasa ƙarƙashin daji.

Abin da Ypres ta fi kowa da shi

Sauƙi ne na farko. Ka sauka a tashar jirgin ƙasa (a allunan tasha da na hanya Ieper za ka ga an rubuta, kada ka wuce), 'yar tafiya kaɗan kana babban dandalin gari. A nan katafaren ginin kasuwar tufafi na ƙarni na 13 yake, wanda aka rusa aka sake ɗagawa, aikin bai kammala ba sai 1967. Ka tsaya gabansa ba za ka yarda cewa yawancinsa sabon gini ba ne. A cikinsa gidan tarihin In Flanders Fields yake, da bayani cikin harsuna huɗu: Holanci, Faransanci, Ingilishi da Jamusanci. Ba gidan baje bindigogi ba ne, ya fi karkata ga labarin mutane, soja da farar hula, da wasiƙunsu da hotunansu. Ka ba shi awa biyu zuwa uku, kuma in gwiwarka na da ƙarfi ka hau hasumiyar. Daga can za ka gane cewa tuddan da aka kashe dubban mutane a kansu ba su kai a kira su tuddai ba.

Na biyu shi ne Ƙofar Menin, babbar ƙofar tunawa da sojoji, mintuna kaɗan daga dandalin. An buɗe ta ranar 24 ga Yuli 1927, kuma an sassaƙa sunayen sojoji sama da 54,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. Sunaye a bango, sunaye a matakala, sunaye a farfajiyar sama. Akwai na Birtaniya, Kanada, Ostireliya, Afirka ta Kudu, da na rundunar Indiya, inda za ka ga sunayen Musulmi da na Sikh da na Hindu jere da juna. Duk girman ƙofar ba ta ɗauke su ba, sai aka kai sunayen 'yan Birtaniya da suka ɓata daga 16 ga Agusta 1917 zuwa maƙabartar Tyne Cot.

Kowace rana da ƙarfe takwas na dare ana busa begila a ƙarƙashin wannan ƙofa don tunawa da waɗanda suka mutu. An fara a 1928, kuma tun ƙarshen 1929 ba a tsaya ba sai lokacin da Jamusawa suka mamaye garin daga 1940 zuwa 1944, kuma daren da sojojin Poland suka 'yanta shi, 6 ga Satumba 1944, aka ci gaba. Ƙofar hanya ce ta motoci, don haka kafin lokaci 'yan sanda ke tare titi. Mutane su cika gefe biyu, 'yan makaranta na ta surutu, masu waya na ɗaga hannu. Sai masu busa, waɗanda bisa al'ada daga 'yan kwana-kwanan garin ake ɗaukarsu, su fito cikin kaki su tsaya a bakin ƙofa. Da an busa, surutu ya ɗauke. Rufin yana maido da sautin har ka ji shi a ƙirji. A yi shiru na minti guda, masu ajiye furanni su hau matakala biyu-biyu, a sake busa, a buɗe hanya, motoci su ci gaba da wucewa. Wani daren minti goma bai cika ba an gama. Ba a biyan ko sisi, ba a kuma tafi. Verdun ba ta da wani abu makamancin wannan, kuma ga mutane da yawa shi kaɗai ya isa dalilin zaɓen Ypres.

A wajen gari komai na kusa. Tyne Cot, wajen kilomita goma, ita ce maƙabartar soja mafi girma ta ƙasashen renon Ingila a duniya: kaburbura kusan 12,000, sama da 8,000 daga cikinsu ba suna, ga bango mai sunaye kusan 35,000. Dutsen kan kabarin hafsa da na kurtu girmansu ɗaya, don haka hukumar kula da kaburburan ta tsara, kuma ba a yarda a mayar da gawa gida ba, ko ɗan wane ne. An dai ba iyali damar ƙara 'yan kalmomi a ƙasan dutsen, kuma karanta waɗannan ne ke cinye wa mutum lokaci. Daga nan ka wuce Langemark, maƙabartar Jamusawa, ka ga bambanci. Babu farin dutse, babu furanni reras. Baƙaƙen duwatsu ne kwance a ƙarƙashin manyan itatuwa, kowanne da sunaye da yawa, ga kabari guda na bai ɗaya mai ɗauke da mutum kusan 25,000 cikin sama da 44,000 da ke wurin. Wanda ya ga Tyne Cot bai ga Langemark ba, rabin labari ya ji.

Sauran wuraren ana iya zaɓa. Gidan tarihin Passchendaele da ke Zonnebeke yana da ramuka da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da aka ƙera irin na lokacin, yara na sonsa. Tudun Hill 60 na cikin 'yan wuraren da aka bari yadda yaƙi ya bar su, kuma kusa da shi akwai ƙaton ramin ɗaya daga cikin nakiyoyi 19 da aka tayar a ƙarƙashin Jamusawa ranar 7 ga Yuni 1917. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, akwai hanyoyin keke masu alama, akwai hayar keke a gari, akwai kuma masu ƙananan motocin yawon rabin yini da ɗan jagora.

Aibin Ypres cunkoso ne. Motocin 'yan makaranta daga Ingila ba sa yankewa, musamman a bazara da kuma kusa da 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta a 1918. Shagunan tsaraba sun cika titin da ke zuwa ƙofar. Sannan labarin da ake bayarwa ya fi karkata ga Birtaniya, alhali Faransawa da 'yan Beljiyam ma sun mutu a nan da yawa. Kuma in ba ka da wanda zai nuna maka, za ka iya wuce fagen da aka yi mummunan faɗa ka ɗauka gonar dankali ce kawai, don gonar dankalin ce.

Abin da Verdun ke da shi wanda ba a ƙera ba

Garin Verdun kansa ba shi ne abin kallon ba, ko da yake a ƙarƙashin tsohuwar ganuwarsa akwai dogayen hanyoyin da sojoji suka fake, inda ranar 10 ga Nuwamba 1920 wani matashin soja, Auguste Thin, ya zaɓi ɗaya cikin akwatunan gawa takwas aka kai birnin Paris a matsayin sojan da ba a san shi ba, mai wakiltar duk waɗanda suka mutu ba a gane su ba. Abin kallon yana kan tsauni, wajen kilomita goma daga gari. Tun kana hawa za ka lura da ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwa a gefen titi. Babu inda ta miƙe. Rami na bin rami, tudu na bin tudu, kamar fuskar da agana ta bar wa zanzana, haka har iyakar ganinka. Ciyawa ta rufe, amma siffar na nan fiye da shekara ɗari.

Fara da gidan tarihin Mémorial de Verdun, wanda tsofaffin sojojin da suka yi faɗan suka yi tsayin daka aka buɗe a 1967, aka sabunta shi aka sake buɗewa a 2016. Yana ba da labarin Bafaranshe da Bajamushe kafaɗa da kafaɗa, kuma a ganina wajen nuna yadda aka yi faɗan ya fi na Ypres: igwa, motocin da suka riƙa jigilar mutane da harsasai dare da rana a kan hanya ɗaya tilo daga Bar-le-Duc, kayan likitoci, jiragen sama. Faransa ta riƙa sauya rundunoninta a kai a kai, har mafi yawan sojojinta suka ɗanɗana Verdun. Dalilin da ya sa sunan ke da nauyi a kusan kowane gida a ƙasar ke nan.

Daf da gidan tarihin akwai Fleury, ɗaya daga cikin ƙauyuka tara da aka shafe. Shida daga cikinsu ba a sake gina su ba, amma har yau suna cikin lissafin hukuma, ana naɗa musu magajin gari duk da ba kowa a ciki. Fleury ta sauya hannu sau 16. Yanzu 'yar siririyar hanya ce cikin itatuwa, da ƙananan alamu da ke cewa nan gidan mai burodi yake, nan makaranta, nan gidan manomi. Bayan alamar ba komai sai rami.

Sai manyan sansanonin kankare guda biyu, Douaumont da Vaux, da ake shiga cikinsu. Sanyi, duhu, ruwa na ɗiga daga rufi ko da rani ne. Douaumont ya faɗa hannun Jamusawa ranar 25 ga Fabrairu 1916 kusan ba tare da faɗa ba, saboda an kwashe yawancin igwarsa da masu tsaronsa tun kafin nan. A ciki akwai wani bango da aka toshe, bayansa gawarwakin Jamusawa 679 ne da fashewar makamai ta kashe ranar 8 ga Mayu. A Vaux kuwa kwamandan Faransawa Manjo Raynal da mutanensa sun yi kwanaki suna faɗa a cikin lunguna, har tankin ruwansu ya ƙafe suka koma lasar bango. Ya aika tattabararsa ta ƙarshe da saƙon neman agaji, agajin bai zo ba, ya miƙa wuya ranar 7 ga Yuni. Ƙishirwa ce ta ci su. In lokaci ya ƙure maka ka zaɓi ɗaya, Vaux ƙarami ne amma labarinsa ya fi kama jiki.

Wurin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne ɗakin ƙasusuwa na Douaumont, wanda aka ƙaddamar a 1932. Dogon gini ne mai tsawon mita 137 da hasumiya mai mita 46. A ciki akwai ƙasusuwan sojoji wajen 130,000 da ba a gane ko su waye ba, Faransawa da Jamusawa a gauraye. Yawancin baƙi ta gaba suke shiga, su ga zaure mai jan haske da sunaye a bango. Ka zagaya ta baya, wajen da ake ajiye motoci. A ƙasan bangon akwai ƙananan tagogi daidai gwiwa, sai ka durƙusa, ka kare hasken rana da tafin hannu kafin ka ga ciki. Ƙoƙunan kai, ƙasusuwan cinya, haƙarƙari, an tara su bisa yankin da aka tsinto su. Ba gilashi mai ado, ba rubutu. Mai tafiya da ƙananan yara ya yi tunani kafin ya kai su nan. A gaban ginin ne shugaban Faransa Mitterrand da na Jamus Kohl suka riƙe hannun juna ranar 22 ga Satumba 1984.

Ga wanda ke neman sawun sojojin Afirka da na Musulmi, nan Verdun ta yi wa Ypres nisa. A gangaren gaban ɗakin ƙasusuwan akwai kaburbura sama da 16,000, kuma a gefe guda akwai sashe mai kaburbura 592 na Musulmi, duwatsunsu da rubutun Larabci, an karkata su suna fuskantar alƙibla saɓanin sauran layukan. Kusa da su akwai farar ƙubba da shugaban Faransa Chirac ya buɗe a 2006 don tunawa da Musulmin da suka mutu a yaƙin. Ranar 24 ga Oktoba 1916 da aka ƙwato sansanin Douaumont, cikin waɗanda suka yi aikin akwai 'yan Somaliya da kuma sojojin da ake kira 'yan Senegal, ko da yake daga sassa daban-daban na Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka aka kwaso su. Ba wai Ypres ba ta da nata ba. A maƙabartar Faransawa ta Saint-Charles de Potyze akwai duwatsun Musulmi, kuma a Hollebeke da ke kusa ne Khudadad Khan ya yi bajintar da ta sa ya zama sojan Indiya na farko da ya samu lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya, ranar 31 ga Oktoba 1914. Sai dai a can kai za ka nema, a Verdun kuwa abin yana gabanka.

Aibin Verdun shi ne zirga-zirga. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya daga Paris yana kai ka tashar Meuse cikin kusan awa guda, amma tashar tana tsakiyar gonaki, sai ka ƙara shiga bas zuwa gari. Daga gari zuwa fagen dagar kuma hawa ne, wuraren na warwatse, motocin haya ba su da yawa. Keke na yiwuwa ga mai ƙarfi, amma ba irin shimfiɗar Beljiyam ba ce. In kana son ka tsallaka kogi ka ga tsaunin Mort-Homme, ko Vauquois inda nakiyoyi suka tsaga tudu biyu suka haɗiye ƙauye, ko maƙabartar Amurkawa ta Romagne mai kaburbura 14,246, wadda ita ce mafi girma tasu a Turai, to ba makawa sai da mota. Da dare garin shiru yake, abin yi kaɗan ne.

Sauran abubuwan da za su iya karkata maka zaɓi

Harshe: mai Ingilishi zai sake a Ypres, kusan kowa na ji. Mai Faransanci zai fi cin moriyar Verdun, inda alamu da yawa a cikin daji da Faransanci suke. Takardar izinin shiga ba matsala ba ce, bizar Schengen guda ta wadatar, kuma Yuro ake kashewa a duka biyun. Maƙabartu kyauta ne ko'ina, gidajen tarihi da sansanoni ne ake biya, kuma a Verdun hayar mota ce za ta fi cin kuɗi. Lokacin sanyi rana gajeriya ce, wasu wuraren kan rufe a watan Janairu, sai a duba shafinsu kafin a sayi tikiti.

Mai neman kabarin wani takamaiman soja na ɓangaren Birtaniya, Ypres ce tasa, don hukumar kula da kaburbura tana da rajista a intanet da ke faɗin layi da lambar kabari. Mai tafiya da tsoho ko wanda ƙafa ke damu, shi ma Ypres. Ɗalibin tarihin soja da ke son ya fahimci me ya sa tudu kaza ya ci rayuka, Verdun. Wanda hayaniya ke ɓata wa irin wannan ziyara, Verdun, don za ka iya yin rabin awa a hanyar daji ba ka haɗu da kowa ba.

Kwana biyu sun isa Ypres: yini ɗaya a gari a rufe da Ƙofar Menin, yini ɗaya a keke ko mota. Ka isa ƙofar da bakwai da rabi in kana son wurin tsayawa mai kyau. Verdun ma kwana biyu, amma ka kama motar haya tun kafin ka taso, ka sa takalmi mai kauri, ka riƙe rigar sanyi don shiga sansanoni. A duka wuraren har yau ƙasa na fito da harsasan igwa da ba su fashe ba, wasu da guba a ciki. A Beljiyam manoma kan jingine su a bakin gona sai sojojin kwance bam su zo su kwashe. In ka ga wani ƙarfe mai tsatsa a gefen hanya, kada ka taɓa shi, kuma a dajin Verdun kada ka sauka daga hanyar da aka yi wa alama.